Abin da Ke Faruwa a Cikin Kyamara Idan An Ƙyasta Hoto

[Kiɗan buɗe shiri]

 Mutanen Yola da Jimeta, na Hayin Gada da Girei, na Fufore, har duk inda muryar nan ta kai, jaɓɓaama, sannunku da zuwa. Yau maganar hoto za mu yi.

Duk bayan Sallah akwai ƙorafin da ba ya canzawa. Mutum ya yi sammako, ya kutsa cikin cunkoso a ƙofar fadar Lamiɗo, ya sha rana ya sha ƙura, mahaya suka sako dawaki a guje, ya ɗaga waya ko kyamara ya ƙyasta. Da ya koma gida ya duba, ginin fada ya fito tsaf, jama'ar da ke tsaye sun fito, dokin kuwa sai wani hazo-hazo mai ƙafa takwas. Sai ka ji ya ce ai wayar ce ba ta da kirki, bari in tara kuɗi in sayi babba. To malam, kafin ka kai kuɗinka kasuwar Jimeta, ara mini kunnenka na 'yan mintoci. Galibi maganar ba ta tsada ko arha ba ce. Tana wajen wani ɗan abu a cikin kyamara da masu sana'ar hoto ke kira shota. A shirin nan za mu riƙa ce masa marufi, tunda aikinsa ke nan: ya buɗe haske ya shiga, ya rufe.

Kyamara, ko ta miliyan nawa ce, akwati ne mai duhu da ƙofa ɗaya. A bakin ƙofar akwai gilashi mai tattara haske. A ƙuryar akwatin kuma akwai abin da hasken ke sauka a kansa, a da fim, yanzu sensa, wani ɗan faifai mai miliyoyin ƙwayoyi masu jin haske. Tushen dabarar ya tsufa. Ibn al-Haisam, malamin Basra da ya rasu a Alƙahira wajen shekarar 1040, ya bayyana yadda haske ke shiga ɗaki mai duhu ta 'yar huda ya zana siffar abin da ke waje a bango, kai a ƙasa ƙafa a sama. Abin da ya rage wa na bayansa shi ne yadda za a kama siffar ta zauna, da yadda za a auna lokacin da hasken zai yi yana shiga. In lokacin ya yi kaɗan, hoto ya yi duhu. In ya yi yawa, hoto ya ƙone ya yi fari fat. Kuma duk abin da ya motsa alhali ƙofa na buɗe, sai ya ja sawunsa a kan hoton.

Masu hoton farko ba su damu da auna lokaci daidai-wa-daida ba, don kayan aikinsu ba sa jin haske sai an daɗe. Hoton da ya fi tsufa cikin waɗanda suka tsira, wanda Bafaranshe Nicéphore Niépce ya ɗauka ta tagar gidansa wajen 1826 ko 1827, ya ci aƙalla awa 8 ƙofa na buɗe, har rana ta haska gine-ginen ta gefe biyu a hoto ɗaya. A 1838 Louis Daguerre ya ɗauki wani babban titi a birnin Faris. Titi ne mai karusai da masu kai-da-kawo, amma a hoton wayam yake, sai ka rantse gari ya tashi. Mintocin da aka yi ana ɗauka, duk mai tafiya ya wuce bai bar komai ba. Wanda ya fito shi ne wani bawan Allah da ya tsaya ana goge masa takalmi. A 1839 aka bayyana wa duniya dabarar, shekara 2 bayan haka kuma, a 1841, Modibbo Adama ya kafa Yola. Ke nan garin nan da sana'ar hoto kusan sa'o'in juna ne.

A wancan zamani mai hoto da hannu yake zare murfin gilashi, ya ƙirga a ransa, ya mayar. Dattawanmu sun riski ragowar wannan: mai hoton nan na akwatin katako mai ƙafa uku, da ke cusa kai cikin baƙin ƙyalle, ya ce maka kada ka motsa, kada ka ƙifta.

Da aka samu faranti masu saurin jin haske, sai hannu ya gaza. Kuma doki ne ya ja maganar gaba. Wani attajiri a Amurka, Leland Stanford, tsohon gwamnan Kaliforniya kuma mai kiwon dawakin sukuwa, ya so ya san ko akwai lokacin da doki a guje ke ɗauke ƙafafunsa huɗu daga ƙasa gaba ɗaya. Ido ba ya iya raba wannan gardama. A 1878, a gonarsa ta Palo Alto, mai hoto Eadweard Muybridge ya jera kyamara 12 a gefen hanyar gudu, kowacce da marufinta da ke buɗewa ya rufe cikin kusan kashi ɗaya cikin dubu na sakan, doki na wucewa suna tashi ɗaya bayan ɗaya. Hotunan suka nuna lallai doki na barin ƙasa, amma a lokacin da ya tattaro ƙafafunsa ƙarƙashin ciki, ba a lokacin da ya miƙe su gaba da baya ba, yadda masu zane suka daɗe suna zanawa. Can a Jamus kuma Ottomar Anschütz ya ɗauki hotunan tsuntsaye dangin shamuwa suna tashi a 1884, a 1888 ya yi rajistar marufi na labule mai gudu dab da farantin hoto. Jikokin wannan labule ne ke cikin kyamarar da mai hoton biki ya rataya a wuya yau.

Yanzu lambobi, kuma kada su ba ka tsoro. A jikin kyamara za ka ga 30, 60, 125, 250, 500, 1000. Ba sakan 500 ake nufi ba. A raba sakan ɗaya gida 500 a ɗauki gida ɗaya, shi ake rubutawa 1/500. Saboda haka lamba na girma, lokaci na raguwa. Kowane mataki rabin na bayansa ne: 1/250 na shigar da rabin hasken 1/125. Ƙiftawar idonka ma takan ci kashi ɗaya cikin goma na sakan ko fiye, ke nan kafin ka ƙifta sau ɗaya, lokacin marufin 1/1000 ya wuce sau ɗari.

Mu koma ƙofar fada mu yi lissafi. Doki a sukuwa yana iya kai gudun kilomita 50 a awa, wato kusan mita 14 a kowane sakan. In marufinka ya tsaya a buɗe 1/60, dokin ya ci santimita 23 kafin ya rufe, fiye da taƙin hannun babban mutum. Hancinsa, linzaminsa, rawanin mahayi, kowanne ya shafu a kan tsawon nan. A 1/125 an koma santimita 11, har yanzu dishi-dishi. A 1/1000 kuwa santimita ɗaya da 'yan kai, sai ka ga ƙurar da kofato ya tayar tsaye a iska, ka ga kumfar bakin doki. Ginin fada da bai motsa ba, shi kowace lamba ka ba shi zai fito. Haka abin yake a tafkin Geriyo in kana son kama birgin masunci a buɗe a sama, da ɗigon ruwa ɗai-ɗai.

To me ya sa ba za a bar kyamara a 1/1000 kullum a huta ba? Don sauri da haske yake cinsa. Da rana tsaka a Yola haske ya ishi kowa har ya yi yawa. Amma da la'asar sakaliya, ko ƙura ta turnuƙe, ko a cikin ɗaki, dole ka biya bashin ta wata hanya: ka faɗaɗa hudar gilashi, ko ka ɗaga lambar ISO, wadda ke ƙara wa sensa ji amma ta sa hoto ya yi tsaki-tsaki. Waya da ka bar mata zaɓi, ita ba ta san doki kake so ba. Ta ga haske ya ragu, sai ta sassauta marufi zuwa 1/60 ko 1/30 don hoto ya yi haske, ta ba ka doki mai ƙafa takwas. Da yawa daga cikin wayoyin da ke hannun jama'a, Tecno ne, Infinix ne ko Samsung, suna da sashen da aka rubuta Pro, a ciki akwai wajen saita saurin marufi, galibi da harafin S. Taɓa shi ka kai 1/1000. A kyamarar Nikon da Sony ma S ne a kan maɓallin sama, a Canon kuma Tv. Ni a ganina hoto mai ɗan tsaki wanda aka gane fuskar mahayi ya fi hoto mai santsi wanda ba a san ko doki ne ko raƙumi ba.

Akwai kuma masu yin akasin haka da gangan, kuma nasu ya fi burge ni. Su sa 1/60, su kafa ƙafa, su bi dokin da kyamara suna juya ƙugu daidai gudunsa, su ƙyasta ba tare da sun tsaya ba. Dokin ya fito, jama'ar baya su zama zare-zare, duk wanda ya ga hoton ya ji gudun a jikinsa. Ana zubar da hotuna da yawa kafin a samu ɗaya, amma ɗayan nan shi ake sakawa a firam.

Wani motsin kuma ba na doki ba ne, na hannunka ne. Masu hoto suna da tsohuwar ƙa'ida: dubi lambar gilashinka, kada saurin marufi ya gaza ta. Gilashi mai lamba 50, kada ka sauka ƙasa da 1/50. Dogon gilashi mai 200 da ake janyo na nesa da shi, 1/200 ko sama. Sabbin kyamarori suna da na'urar rage rawar hannu, tana taimakawa ƙwarai, sai dai hannunka kawai take riƙewa. Yaron da ke tsalle a gabanka babu ruwanta da shi.

[Gajeren kiɗa]

Masu sauraro, bari mu leƙa cikin akwatin kansa. Marufi na ƙarfe iri biyu ne. Na farko yana zaune a tsakiyar gilashi, wasu siraran fikafikai ne da suka hau juna, su buɗe daga tsakiya zuwa gefe su dawo. Kamfanin Deckel na birnin Munik ya fito da shahararren irinsa mai suna Compur a 1912, kuma irin wannan marufi ne a tsofaffin kyamarorin nan masu ido biyu, Rolleiflex da Yashica, waɗanda mai hoto ke riƙewa a ciki yana duban ƙasa. Ba shi da ƙara, sai dai saurinsa yakan tsaya wajen 1/500.

Na biyu shi ne na labule, kuma a nan nake son a natsu. Labulen biyu ne, suna dab da sensa. Kafin ka danna, na farko ya rufe sensa, na biyu yana naɗe a sama. Sifirin ya ja su ya ɗana, maganaɗisun lantarki na riƙe da kowanne. Ka danna, a saki na farko ya faɗi, sensa ta buɗe. Agogon cikin kyamara ya ƙirga lokacin da ka zaɓa, a saki na biyu ya biyo shi ya rufe. Sai ɗan inji ya mayar da su duka sama ya sake ɗanawa. A kyamara mai madubi a ciki, kafin duk wannan sai madubin ya ɗaga ya ba da hanya, kuma yawancin ƙarar da kake ji tasa ce. Leica ta 1925 labulenta na ƙyalle ne mai tafiya daga gefe zuwa gefe. Nikon F ta 1959 ta zo da na siririn ƙarfen titaniyam. Na yanzu jerin faifai ne marasa nauyi masu gudu daga sama zuwa ƙasa, don hanyar ta fi gajarta.

Ga inda gizo ke saƙa. Labulen nan, duk saurinsa, yana bukatar kusan 1/250 na sakan kafin ya ratsa sensa daga sama zuwa ƙasa. To ta yaya kyamara ke ba da 1/4000 ko 1/8000? Ba gudu labulen ke ƙarawa ba. Na biyun ne ba ya jira na farko ya isa. Na farko na tashi, na biyu ya take masa baya, sai ya zama wata 'yar tsaga ce kawai tsakaninsu ke sharar sensa. A 1/1000 tsagar kusan rubu'in sensa ce. A 1/4000, a kan babbar sensa mai tsayin milimita 24, tsagar ba ta wuce milimita ɗaya da rabi ba. Kowane layi na hoton ya ga haske na 1/4000 cif, amma ba tare suka gani ba. Na saman sensa ya riga na ƙasanta. Abin da muke ɗauka lokaci guda ne aka kama, ashe jeri ne na lokuta da aka ɗinka.

Wanda ya gane wannan ya gane ciwon kan masu hoton biki. An shiga zauren taro da dare, an kunna filasha, ango da amarya sun tsaya, aka ƙyasta, sai rabin hoto ya fito fes, rabi baƙi ƙirin kamar an shafa masa kwalta. Mai hoto ya hau bugun filasha yana zargin batir. Filasha ba ta yi laifi ba. Walƙiyarta gajeruwa ce ainun, kashi ɗaya cikin dubu na sakan ko ƙasa da haka. In marufi yana kan 1/500, a lokacin da ta haska labule na biyu ya riga ya rufe rabin sensa, baƙin nan da ka gani inuwarsa ce. Kowace kyamara tana da iyakar saurin da sensa ke buɗewa gaba ɗaya, yawanci 1/200 ko 1/250, a tsofaffin kyamarorin fim kuma 1/60, har sukan rubuta lambar da jan fenti. Da filasha, kada ka haura wannan iyaka. Akwai filasha masu tsada da ke da tsarin HSS, su maimakon walƙiya ɗaya sai su yi ta ƙyalƙyali a jere har tsagar ta gama wucewa, amma ƙarfin hasken yana raguwa sosai, batir kuma ya sha wuya. Marufi mai fikafikai ba shi da wannan matsala, tunda shi duk sanda ya buɗe, sensa duka take ganin haske.

Wayarka kuwa ba ta da labule ko ɗaya. Ƙarar nan da take yi in ka ɗauki hoto, naɗaɗɗiyar murya ce aka saka mata. A Japan da Koriya ta Kudu ma wayoyin da ake sayarwa ba a iya kashe musu wannan ƙara, don kada a riƙa ɗaukar mutane a ɓoye. In na tuna yadda ake cusa waya cikin taron mata a gidan biki, washegari a ga 'yar mutane a Facebook ko TikTok ba da saninta ba, sai in ga mutanen can ba su yi wauta ba. Wannan dai a gefe.

Abin da waya ke yi shi ne ta kunna ƙwayoyin sensa ta kashe su da lantarki. Sai dai irin sensar da ke cikin wayoyi da yawancin kyamarori ba ta iya karanta ƙwayoyin duka a tare. Layi-layi take bi daga sama zuwa ƙasa, yadda yaro ke bin allonsa da yatsa, kuma wannan karatu ya fi labulen ƙarfe jinkiri nesa ba kusa ba. Gani ya kori ji, ga gwajin da kowa zai iya. In kana cikin Keke Napep a kan titi mai turakun wuta, riƙe wayarka gam, ka ɗauki bidiyon gefen hanya. Tsayar da bidiyon ka duba: turakun da ke kusa duk sun karkace kamar za su faɗi. Mu ƙaddara keken na gudun kilomita 30 a awa, sensa kuma na cin 1/30 na sakan kafin ta gama karatu. Tsakanin layin farko da na ƙarshe kun matsa kusan santimita 28, saboda haka kan turke da gindinsa ba a wuri ɗaya aka same su ba. In ba ka son fita, kunna fanka a inda haske ke da ƙarfi ka ɗauke ta, za ka ga fikafikanta sun lanƙwashe. Farfelar jirgin sama ma haka take yi, har ta zama kamar ta ɓalle tana yawo a iska. Abin bai fara da waya ba. Tun kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya wani matashi Bafaranshe, Jacques Henri Lartigue, ya ɗauki motar tsere da kyamara mai labule, tayar ta fito kamar ƙwai, 'yan kallo kuma sun jirkice gefe guda.

Masu ɗaukar bidiyon walima da wa'azi, wannan naku ne. Ratsin nan baƙi-baƙi da ke hawa ko sauka a bidiyo in an ɗauka a zaure, daga nan yake. Wutar lantarkin Nijeriya tana juyawa sau 50 a sakan, dogon ƙwan fitila da ƙananan fitilun LED masu arha kuma suna dushewa su dawo sau 100 a sakan. Ido ba ya gani. Amma sensa mai karatu layi-layi, in marufi na da sauri, wasu layukan ta same su fitila na haske, wasu ta same su ta dushe. Maganin ba ya cin ko kwabo: sa marufi a 1/50 ko 1/100, yadda kowane layi zai sami cikakken zagaye, ka sa bidiyo a hoto 25 a sakan. Kyamarar da aka shigo da ita daga Amurka takan zo a kan tsarin wutarsu mai juyi 60, sai ka shiga saiti ka mayar da ita 50. In janareta ake amfani da shi kuwa, tsugune ba ta ƙare ba, don da kaya sun yi masa nauyi gudunsa ke sauka, juyin wutar ya kauce daga 50, ratsin ya dawo yana rarrafe. A nan sai ka riƙa matsa saurin marufi kaɗan-kaɗan kana kallon allo har ratsin ya lafa, ko ka zo da fitilarka mai batir.

Wannan 1/50 ɗin tana da wani amfanin. Kyamarar silima ta da tana da faifai mai rabin da'ira da ke juyawa a gaban fim, hoto 24 a sakan, kowanne ya sami 1/48. Ɗan dishin da motsi ke yi a wannan sauri shi idonmu ya saba da shi. Matsalar ita ce ranar Yola. Ka fito tsakar gida da 1/50 da ƙarfe ɗaya na rana a watan Afrilu, komai ya ƙone. Sai mai bidiyo ya haye 1/2000 don ya rage haske, 'yan rawa su fito suna fizge-fizge kamar ana jan su da igiya. Abin da ya dace shi ne baƙin gilashin rage haske da ake ɗaurawa a bakin kyamara, masu sana'a na ce masa ND. Kuɗinsa bai kai na hayar kujerun bikin ba, amma nawa ne ke da shi a jaka?

Kamfanoni suna neman rabuwa da labule baki ɗaya. A 2021 Nikon ta fito da Z9, babbar kyamarar ƙwararru da ba ta da marufin ƙarfe, don sensarta na karatu da saurin da ya kamo na labule. A ƙarshen 2023 Sony ta bayyana a9 III, wadda ke kama duk ƙwayoyin sensa a lokaci guda, har zuwa 1/80000, babu turke mai karkata, babu rabin hoto baƙi. Kuɗinsu dai sai wane da wane. Mu nan kyamarar da aka yi aiki da ita a Turai ko Dubai aka kawo mana ita ce abincinmu, kuma za mu daɗe tare da labule.

Tunda haka ne, mai shirin sayen kyamara ta hannu ya san cewa marufi na da wa'adi. Sifirin ne da ƙarfe, suna gajiya. Ƙananan kyamarori ana gwada marufinsu a kan ƙyastawa wajen 100,000. Canon 5D Mark III, wadda masu hoton biki ke ƙauna, 150,000. Manyan na 'yan jarida 400,000 zuwa 500,000. Ba wai yana cika lambar zai mutu ba, wani ya ninka ta, wani bai kai ba. Amma yi lissafi: mai ɗaukar hoto 1,000 a mako ya yi 52,000 a shekara, cikin shekara 3 ya cinye 150,000. Jikin kyamara na iya yin ƙyalli alhali cikinta ya tsufa. Ka tambayi adadin ƙyastawar da ta yi, kada kuma ka tsaya ga bakin mai sayarwa. Nikon takan rubuta adadin a cikin bayanan da ke maƙale da kowane hoto, yawancin Canon kuma sai an jona su da kwamfuta an duba da manhaja. Sannan ka nufi sararin sama ko farin bango, ka kai marufi ƙarshen saurinsa ka ɗauka. In gefe ɗaya ya fi duhu, ko wani ratsi ya gitta, labulen biyu sun daina tafiya tare, ka rage kuɗin gyara daga farashi ko ka bar musu kayansu.

Wadda ke hannunka kuma, abokan gabarta a garin nan ƙura da zafi ne. Lokacin hunturu kada ka canza gilashi a fili iska na kaɗawa. Shiga ɗaki ko mota, kashe kyamara, juya bakinta ƙasa, ka yi sauri. Faifan labule sun fi reza siranta, yatsa ɗaya ya ishe su lanƙwashewa, saboda haka kada a taɓa, kada a hura da baki, akwai robar hura iska da aka yi don wannan. Kada a bar kyamara a mota a rufe cikin zafin Maris da Afrilu, lokacin da ma'auni ke haura 40, man da ke cikin injin yana narkewa ya bi inda bai kamata ba. Kuma kada a ajiye ta bakinta na kallon rana babu murfi, musamman marar madubi. Gilashin da ke tara haske ya yi hoto, shi ne zai tara rana ya huda labule ko ya ƙona sensa.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu shiga maganar hudar gilashi, da dalilin da ke sa fuskar amarya ta fito tar alhali 'yan rakiya na baya sun dushe. 

[Kiɗan rufe shiri]